Shekarar da Inna Ta Ɗinke Idon Shamuwa

Shekaranjiya da hantsi ina tsakar gida ina shanya kuɓewa, sanyi ya sa yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, sai wata inuwa ta gilma a kan tabarmar. Na ɗaga kai. Can sama ƙwarai wasu fararen tsuntsaye ne suke kewayawa a hankali, ko fiffike ba sa kaɗawa, iska ce take ɗauke da su. 'Yan kaɗan ne. Suka yi ta kewaye a kan Illela, a kan manyan motocin da suka yi layi a bakin iyaka, sannan suka karkata wajen Kalmalo. Inda suka sani da ruwa, yau albasa ce da ƙarar injin ban-ruwa. Ba su sauka ba.

Farar shamuwa ce. Ba irin tamu baƙa ba, mai zuwa da damina ta yi sheƙa a kan tsamiyar gari, wadda ko yaro bai isa ya jefe ta ba. Wannan doguwa ce, jiki fari, bakin fiffike baƙi, baki da ƙafafu ja kamar ta taka lalle. Da sanyi take zuwa, zafi na shigowa ta juya. Sai da na shiga sakandare malaminmu ya zana mana hanyarta a allo, ya ce tana tasowa daga ƙasashen da ƙanƙara ke rufe kan duwatsunsu, ta tsallake duwatsun, ta tsallake teku da hamada, don ta zo ta ci fara a fadamunmu. 'Yan ajinmu suna ta mamaki. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don na san nauyinta a hannu, na san ɗanɗanon romonta.

Ina 'yar budurwa, ban kai aure ba, aka yi shekarar da gero ya ƙone a tsaye. A Amarawa muke a lokacin. Damina ta fara kamar abin arziki. Shuka ta fito, aka yi noman fari, aka yi maimai, gero ya kai ƙugun mutum har ya fara ciki. Sai ruwa ya ɗauke. Hadari yakan haɗu daga gabas baƙi ƙirin, mu ruga mu kwashe shanya, mu jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi kamar an kori taron awaki. Maza suka fita roƙon ruwa da riguna a juye. Ganyen gero ya nannaɗe, ya yi fari, idan iska ta taɓa shi sai ka ji yana ƙara kamar busasshiyar fata. Da kaka ta yi, abin da Baba ya ɗaure jakinmu ya kwaso shi a sawu ɗaya.

Daga nan abinci ya riƙa sauka mataki-mataki. Tuwo sau biyu ya koma sau ɗaya. Tuwo ya koma kunu. Kunu ya koma na dusa. Muka shiga daji muna roron ƙarangiya, a sussuke ta a fitar da 'yar ƙwayar da ke ciki, hannu duk ƙaya. Muka ci anza, wadda sai an jiƙa ta ana zubar da ruwan ana sake wani kafin ɗacinta ya ragu, kuma ko an yi hakan sai ta bar maka ɗaci a maƙogwaro har sallar la'asar. Mata suka riƙa fasa gidan tururuwa suna kwashe abin da ta tara. Baba ya sayar da jakin, ya bar mana abin da ya samu, ya bi ayarin masu cin rani zuwa Kudu.

Mu uku ya bari: Inna, da ni 'yar fari, da ƙanwata Kulu wadda ba ta gama isa yaye ba. Nonon Inna ya ƙafe, yaye ya zo da kansa. Kulu yarinya ce mai ƙiriniya a da, ba ta barin kaza ta sha ruwa a gidanmu. Sai ta koma zama wuri ɗaya. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi kamar gezar masara. Wata safiya Inna tana yi mata wanka ta danna bayan ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Duk uwa a garin ta san abin da wannan yake nufi, don an riga an fara fita da ƙananan gawarwaki a cikin tabarma. Inna ta miƙe. Ta ɗaure kayanmu a zane, ta goya Kulu, muka kama hanyar gidan yayanta, Kawu Tunau, a wani ɗan ƙauye da ke bakin tafkin Kalmalo.

Kawu Tunau mai kamun tsuntsu ne tun tasowarsa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, shi kaɗai ne a gidan da wani ramammen kare. Muka same shi a bakin bukka yana murza gashin wutsiyar doki a cinyarsa don yin zargen kamun tsuntsu. Hannunsa na rawa, yana murzawa yana kuɓucewa.

Bai amsa sallamarmu duka ba. Ya dubi Inna, ya dubi goyonta.

“Hajo, yunwa ta tuna miki kina da wa?”

“Yaya, ɗiyar ga ta, ƙahwahunta sun hau.”

“Na gani. Ba makaho ba ne ni.” Ya tofar da yawu gefe. “Har yanzu kina ɗumkin hula?”

Inna ta ce tana yi, in an samu mai saye. A Amarawa babu macen da ta kai ta ƙanƙanta ɗinki.

“To, Allah ya kawo ki,” in ji shi. Wannan ce kawai marabar da muka samu.

Tafkin a shekarar ya janye ya bar fili. Inda aka ce da kwalekwale ke bi, ƙasa ta tsattsage kamar tafin ƙafar tsohuwa. Sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka kai laka, sannan ɗan ruwan da ya rage a tsakiya, kore-kore, mai wari. Da yake duk fadamun yankin sun ƙafe, tsuntsun duniya a nan ya taru. Kirinjijiya tana ta shewa, dinya, zalɓe yana tsaye shi kaɗai kamar mai jiran bashi, belbela, da wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ko Kawu bai san sunansu ba. Abin da ya fi ciwo ke nan: cikinka yana kuka, ga nama yana yawo a gabanka, kana matsawa ya tashi.

Washegari Kawu ya kai mu bayan bukka. Farar shamuwa ce ɗaure da igiya a ƙafa, tana ta fizga, ta goge fatar ƙafar har jini. Ya yi wa Inna bayani kamar mai koya wa yaro tufkar igiya. Farar shamuwa ba ta sauka sai inda ta hango 'yar'uwarta tsaye hankali kwance. Idan aka ɗaure guda a tsakiyar zarge, in idonta biyu ne, za ta yi ta fizge-fizge, na sama su gane akwai mugun abu, su wuce. Amma idan aka rufe mata ido, sai ta tsaya cik. Ba a ɗaure mata ƙyalle, don na sama suna ganin ƙyallen. Ba a kuma tsiyaye idon, don ba ta daɗewa take mutuwa. Allura ake sawa a fatar ido ta ƙasa, a ja zaren sama, a yi wa ɗayan haka, a ƙulle a tsakiyar kai a ɓoye ƙullin cikin gashi. Shi mai kira yake ce mata. Ya ce bana ya gwada sau biyu da hannunsa mai rawa, duk biyun allurar ta shige ƙwayar ido.

Inna ta ja da baya har ta taka ni.

“Yaya, ka ji tsoron Allah. Malam ya hwaɗa muna, mace guda ta shiga wuta don ta tsare kyanwa.”

“Kyanwa ba a cin ta. Wagga ana ci.”

“Shamuwa ta hwa.”

“Baƙuwa ta. Ba ta da gida nan, ba ta da dangi nan. Wa za shi biyo ba'asinta?”

“Mai ita.”

Kawu ya yi dariya, haƙoransa jajaye da goro na da. “To, Malama. A zauna a ci tausai.”

Daga ranar Malama yake kiranta. Kuma ya nuna mana da gaske yake. Yakan ba mu ɗan garin dusa da safe, shi ke nan. Ni da Inna mu shiga laka har gwiwa muna tonon bado, sanyin ruwan yana shiga ƙashi, ƙafa ta tsage ta yi jini. A nan Inna ta sake haɗuwa da Tumba, ƙawarta ta ƙuruciya, wadda ke aure a gidan da ke jikin dangar Kawu. Ita ma mijinta ya tafi Kudu, ita ma tana da goyo, Bawa, sa'an Kulu, shi ma gashinsa ya yi ja. Tumba mace ce mai ibada, ko a cikin laka bakinta na motsi da salati. Da Inna ta gaya mata abin da Kawu ke so, ta kama hannunta.

“Kada ki yi, Hajo. Wanda ya tsaga baki ba shi hana shi abinci. Mu yi haƙuri, ni da ke.”

Suka yi alkawari a tsaye cikin ruwa. Suna raba badon da suka tono daidai wa daida, su shanya, su daka, su dama wa yaran. Ni kaina na ji daɗin alkawarin nan. Na ɗauka Allah zai dubi mata biyu masu tsoronsa.

Kumburin Kulu ya hau har gwiwa, ya kai fuska. Ta daina kuka, sai wani ɗan nishi kamar na ɗan akuya.

Wata rana da yamma Kawu ya dawo da kirinjijiya guda da ta faɗa zargensa bisa tsautsayi. Ya fige ta, ya gasa a tsakar gida, kitsen yana ɗiga a wuta yana cewa cuwi. Ƙamshin ya cika gidan. Kulu, wadda ta kwana biyu ba ta motsa da kanta ba, ta sauka daga cinyar Inna. Ta ja gindi, ta ja, har ta kai gaban Kawu, ta miƙa hannu. Ya dube ta. Ya ci gaba da ci. Ya cinye tsoka, ya tsotse ƙashi, ya jefa wa kare. Kulu ta bi ƙashin da ido har bakin karen.

“Yaya,” in ji Inna, muryarta ba ta fita sosai.

“Ki ba ta tausai, Malama. An ce yana da maiƙo.”

Na sha jin ana cewa Kawu dabara ya yi don ya ceci yarinyar. Wataƙila. Ni dai na ga fuskarsa yana tauna, kuma ban ga wahala a cikinta ba.

Da gari ya waye, bayan ta idar da salla, Inna ta kwance bakin zanenta ta ciro allurar ɗinkin hula. Ba ta kiran sunana, kasancewata 'yar fari. Ta ce, “Ke, zo ki kama.”

Kawu ya matse fikafikan shamuwar a tsakanin gwiwoyinsa, ni na riƙe dogon bakin da hannu biyu. Ina jin numfashinta mai ɗumi a tafin hannuna. Idonta baƙi ne, zagaye, yana kallon Inna, yana kallon allurar. Inna ta yi bisimilla, sai ta tsaya, kamar ta rasa ko ana yin bisimilla a irin wannan. Ta sa allurar. Ɗigon jinin bai kai ƙwayar gero ba. Tsuntsuwar ta yi wata irin girgiza tun daga wuya har ƙafa, ba ta yi kuka ba, don ba ta da murya. Hawaye na zuba a fuskar Inna, tana istigfari, amma hannunta bai yi rawa ba ko kaɗan. Ta ja, ta ƙulle, ta shafa gashin ya rufe ƙullin. Da muka sake ta sai ta tsaya. Ta tsaya shiru, kai a sama, kamar mai sauraren kiran salla daga nesa.

“Kai, Hajo,” in ji Kawu, yana juya kan tsuntsuwar yana dubawa. “Ko ubanmu bai yi kamar wanga ba.”

Muka kai ta bakin laka kafin rana ta yi sama. Kawu ya kafa 'yan turaku, ya baza zarge kewaye da ita ya yayyafa ƙasa, muka koma cikin busasshiyar ciyawa muka kwanta rub da ciki. Sai da rana ta ɗumama ƙasa sauran shamuwar suka bayyana. Suka yi ta kewaye a kanta, suna saukowa kaɗan-kaɗan, har muna jin iskar fikafikansu. Suka miƙo jajayen ƙafafun nan suka dira kusa da ita, suka fara tafiyarsu ta ƙasaita suna tsintar fara. Ita kuwa da ta ji 'yan'uwanta, sai ta mayar da kai baya ta fara kaɗa baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Gaisuwarsu ke nan. Tana gaishe su, zarge yana kama ƙafafunsu.

Ranar aka yi yanka a gidan Kawu har jini ya yi hanya a tsakar gida. Inna ta dafa, ta tsiyaye romon, ta riƙa ɗiga wa Kulu da ludayi. Ta tauna tsoka ta sa mata a baki. Ni ma na ci. Naman yana da ƙarni, yana da tauri, kuma ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, Allah ya gafarta mana.

Inna ta zuba romo da tsoka a ƙwarya ta ce in kai wa Tumba. Na same ta tana daka bado, Bawa na kwance a gefenta a kan buhu. Ta dubi ƙwaryar, na ga maƙogwaronta ya motsa.

“Wa ya ɗumke?”

Na miƙa mata ƙwaryar.

“Maida mata. Ki ce ɗana ba shi shan romon zalunci.”

Bawa ya ji ƙamshi ya ɗaga kai. Ta juya shi ya fuskanci danga. Na dawo da ƙwaryar. Kashegari Inna ta sake aike na, da wanda ya biyo baya ma. A ƙarshe Tumba ta toshe kafar dangar da muke bi da ƙaya. Sauran gidajen ƙauyen kuwa, da la'asar sai ka ga ƙore a jere a ƙofar Kawu.

Ciyar da mai kira ya zama aikina, tunda ba ta ganin abin ci. In kamo fara da 'yan kwaɗi, in buɗe bakin in tura da yatsa har maƙogwaro, in ɗura mata ruwa. Ba a jima ba ta gane takuna. Ko a cikin mutane na taho, sai ta juyo da rufaffiyar fuskar nan wajena ta fara ƙwas-ƙwas. Wata rana Kawu ya tarar ina ƙara mata, ya buge hannuna har farar ta watse.

“Ke dogon wuya, amarya kike kiwo? In ta ƙoshi barci takai. Bar ta da yunwa, ta dinga duƙawa tana lalube. Na bisa su ga kamar ta samu abinci.”

Haka aka yi. Gaskiyarsa kuwa, kamun ya ƙaru.

Mai kira ba ta daɗewa. Fatar idon takan kumbura, ta yi ruwa, ƙuda ya bi, wani lokaci zaren ya yage fatar. Idan ta fara tangaɗi sai Kawu ya yanka ta, ya zaɓi mai ƙarfi cikin sabon kamu. Ranar da aka yanka ta farkon ban ci ba, Inna kuma ba ta lallashe ni ba, ta juye rabona a kwanon Kulu. Ta biyu Inna ta yi istigfari amma ba ta yi kuka ba. Daga baya na daina lura da ta nawa ce. Abin da na riƙe shi ne wata safiya ina riƙe da baki, Inna tana ɗinki tana ba wata maƙwabciya labarin yadda ake gyaran miyar kuka, har da dariya, ta gama ta sunkuya ta datse zaren da haƙori. Uwata ce, wadda a gida idan za a yanka kaza take shigewa ɗaki ta toshe kunne.

Kawu yakan kai wasu da rai kasuwar Konni ya dawo da gero a ƙasan buhu. Muka koma shan fura. Kumburin Kulu ya saɓe, fatar ta yi ta saɓulewa sabuwa na fitowa. Baƙin gashi ya fara tsirowa a ƙarƙashin jan. Wata rana na gan ta ta kama wutsiyar karen Kawu tana ja, tana ce masa, “Tahi! Tahi!” Inna ta juya baya ta daɗe tana gyaran murhun da ba abin da ya same shi.

Bawa ya rasu sanyi na gab da fita. Ba mu ji kuka ba, sai muryar Tumba ta bayan danga tana maimaita innalillahi a hankali. Inna ta yafa mayafi ta zaga ta ƙofa ta yi mata gaisuwa. Tumba ta amsa, “Haƙuri sai ma'aiki,” idonta a ƙasa.

Sannan zafi ya shigo. Iska ta juya, ruwan tsakiyar tafkin ya koma kamar faifai. Fararen shamuwa suka fara taruwa da yawa suna hawa sama, suna hawa, har su zama kamar tokar da iska ta ɗauka, su miƙe arewa. Mai kira ta ƙarshe ba ta ganin komai, amma ta sani. Duk inda aka juya ta sai ta koma ta fuskanci arewa, ta buɗe fikafikai, ta ja igiyar har ta faɗi, ta tashi ta sake. Ba wanda ya ƙara sauka. Kawu ya ce aikinta ya ƙare. Muka ci ta kwana biyu.

Bazarar shekarar ko a inuwa mutum yake sai ya ji kamar an kifa masa tukunya. Ruwan randa ya yi ɗumi, rijiya sai an yi jira ta tsatso. Tare da zafin baƙon dauro ya shigo ƙauyen. Lokacin babu allurar rigakafin da ake bi gida-gida ana yi wa jikokinmu yanzu. Ya bi yaran da yunwa ta bari, ya yi ta ɗauka. Kulu ta kamu. Jikinta ya yi zafi kamar dutsen guga, ƙuraje suka feso har cikin baki, idanunta suka yi ja, suka kumbura, kwantsa ta like su. Inna ta shige ɗaki da ita, ta rufe ƙofa da zane, tana ɗiga mata ruwa da kunu. Yaran da suka kwanta tare da ita da yawa ba su tashi ba. Ita ta tashi, don cutar ta tarar da ɗan nama a jikinta. Tana nan da ranta har yau, a Gidan Katta take aure, ta aurar da 'ya'ya, kuma babu mai yi mata tsintar shinkafa, da yatsa take gane tsakuwa.

Amma ranar da kumburin idon ya sauka, Inna ta fito da ita tsakar gida da hantsi, ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi tana goge kwantsar a hankali har fatar ta rabu. Wani fari ne ya rufe ƙwayar idon, duka biyun, kamar an ɗiga nono. Inna ta kaɗa hannu a gabanta. Ta juya fuskarta wajen rana. Kulu ba ta ƙifta ba.

Daga baya a makaranta an koya mana cewa baƙon dauro idan ya haɗu da yunwa yakan ci idon yaro, kuma ya yi haka a garuruwan da ba su taɓa ganin farar shamuwa ba. A ƙauyen nan kuwa kafin azahar magana ta gama zagayawa. Matan da ƙorensu ke jere a ƙofarmu da la'asar su ne suka riƙa leƙowa ta kan danga, su dubi Kulu, su dubi hannun Inna, su ce, “Allah mai iko,” su janye kai. Kawu ya tsugunna ya duba idon kamar yadda yake duba na tsuntsu, ya tashi ya kakkaɓe riga.

“Ni dai ban taɓa allura ba,” ya ce, ya fita.

Da la'asar Tumba ta yi sallama. Tun rasuwar Bawa ba ta taka gidan ba. Ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu. Ta cire takalmi, ta durƙusa gaban Inna, ta daɗe tana kallon fuskar Kulu. Ba na jin da mugunta ta zo. Hawaye ne a idonta.

“Hajo, na hwaɗa miki,” ta ce a hankali. “Alhaki ba shi kwana ƙasa. Ki tuba, ƙawata. Ido ya ci ido.”

Inna tana matse tsumma a ƙwarya. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kawo hannunki.”

Tumba ta miƙa. Inna ta kama shi ta ɗora a ƙirjin Kulu, ta danne da nata.

“Mi kika ji?”

“Hajo...”

“Mi kika ji, na ce?”

“Tana numfashi.”

“To. Naki da idonai biyu lahiya lau anka turbuɗe shi.”

Na ga maganar ta shiga Tumba. Ta zare hannunta, ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar kamar tsohuwa, ta nufi ƙofa tana laluben danga. Takalmanta a nan ta bar su. Inna ba ta bi ta da kallo ba. Ta sake tsoma tsumman a ruwa, ta tallafi haɓar Kulu.

Kulu ta lalubo wuyan hannunta ta riƙe.

“Inna,” ta ce, “nama.”